Hawan Ƙanƙara a Tsaunukan Alps: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Farawa

Duk shekara idan Disamba ya kama, ruwan da ke zubowa daga duwatsun Alps na Turai yakan daskare ya tsaya cak a jikin dutse, wani fari sol, wani shuɗi kamar gilashin kwalba. Daga nan sai mutane su ɗauki gatura su hau shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini, musamman ɗalibanmu da ma'aikata mazauna Turai, da 'yan kaɗan masu shirin zuwa daga gida.

Mene ne ma hawan ƙanƙara? Ba ɗaya yake da hawan dutse ba?

'Yan uwan juna ne, amma kowa da halinsa. Mai hawan dutse da yatsunsa da tafin ƙafarsa yake riƙe dutsen, kuma dutsen da ya hau bara shi zai tarar bana. Mai hawan ƙanƙara kuwa gatari biyu yake riƙewa, ɗaya a kowane hannu, sannan ya ɗaura wa takalminsa faratan ƙarfe. Ya sari ƙanƙarar da gatari, ya soka faratan, ya miƙe, ya sake sara. Abin da yake hawa yana sauyawa daga mako zuwa mako, wani lokaci ma daga safiya zuwa azahar.

Iri uku ne a Alps. Na farko shi ne daskararren ruwan da ke gangarowa daga dutse a cikin kwari, wanda Faransawa ke kira kaskad, kuma shi ne mafi yawan abin da zan yi magana a kai. Na biyu shi ne siririyar ƙanƙarar da ke maƙalewa a kwazazzaban manyan tsaunuka, can sama da mita 3,000, wadda suke kira gulot. Na uku shi ne kogin ƙanƙara, wato tsohuwar dusar ƙanƙarar da ta danne kanta shekaru aru-aru har ta zama dunƙule mai rarrafawa a hankali. Akwai kuma haɗin gambiza, inda ake bin dutse da ƙanƙara a hanya ɗaya da gaturan nan.

Ina ya fi dacewa in fara?

Cogne, a yankin Aosta na arewa maso yammacin Italiya. Na daɗe ina ba mutane wannan amsa kuma ban ga dalilin sauya ta ba.

Ƙaramin gari ne a bisan mita 1,500 da 'yan kai, kimanin kilomita 27 daga birnin Aosta. Da can garin masu haƙar tama ne, har aka rufe mahaƙar a 1979. Yau abin da ke kawo baƙi a lokacin sanyi shi ne kwaruruka biyu da suka tashi daga gefensa, Valnontey da Valeille, inda ruwa ke daskarewa a ɓangarorin biyu, hagu da dama. Hanyoyin hawa a kewayen sun haura ɗari. Abin da ya sa na fifita shi ba yawan ba ne kawai. A Cogne za ka sami mai sauƙi da mai wuya kusa da juna, ta yadda wanda ya fara jiya da wanda ya shekara ashirin za su kwana a masauki ɗaya, su kama hanya ɗaya da asuba, sai can ciki kowa ya nufi daidai ƙarfinsa.

Wanda bai taɓa riƙe gatari ba, ƙauyen Lillaz ake kai shi. Daga inda ake ajiye mota zuwa gindin ruwan tafiyar 'yan mintuna ce, kuma hawa-hawa yake kamar matakala, ga wuraren hutawa a tsakani, ga hanyar sauka da ƙafa idan mutum ya gaji. Idan hannu ya fara faɗawa, sai a shiga Valnontey a gwada Patri, wadda ta fi tsawo kuma ake tafiyar sama da awa guda kafin a isa. A can ƙuryar kwarin ne Repentance Super take, ginshiƙin da Gian Carlo Grassi da François Damilano da Fulvio Conta suka fara hawa a 1989. Grassi shi ne mutumin da ya buɗe wa Italiyawa idanu a kan wannan sana'a, ya rasu a kan dutse a 1991, kuma har yau da wuya ka zauna da tsofaffin masu hawa a Cogne ba a ambaci sunansa ba.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani tun kafin ka je: kwarurukan nan cikin gandun Gran Paradiso suke, wanda aka kafa a 1922 a filin da sarkin Italiya ya keɓe don farauta. Wannan keɓewar ce ta tsirar da akuyar dutse mai manyan ƙahoni daga ƙarewa, kuma za ka gan su da idonka a bakin hanya. Akwai kuma wata ungulu mai gemu, mai cin ƙashi, wadda ta taɓa ɓacewa daga Alps aka sake dawo da ita tun daga 1986. A tsakiyar sanyi take kwanciya a kan ƙwai. Saboda haka hukumar gandun takan rufe wani ɓangare na ƙuryar Valnontey, har da wasu shahararrun hanyoyi. Ka tambaya kafin ka fita, kuma ka bi dokar da zuciya ɗaya. Tsuntsuwar ta riga mu zuwa wurin.

To Shamoni fa? Ba nan ne cibiyar abin ba?

Nan ne cibiyar hawan tsauni, babu musu. Garin da ake rubutawa Chamonix yana gindin Mont Blanc, tsaunin da ya ɗan haura mita 4,800, wanda Jacques Balmat da likita Michel-Gabriel Paccard suka fara takawa ranar 8 ga Agusta 1786. Ƙungiyar 'yan jagoran garin tun 1821 take. A nan aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta farko a 1924. Kuma a kan waɗannan duwatsu ne salon hawan da muke yi yau ya tsaya da ƙafarsa a Faransa: Walter Cecchinel ya koyar da rataya a jikin gatari maimakon sassaƙa matakala, ya kuma nuna amfaninsa lokacin da shi da Claude Jager suka hau kwazazzabon arewa na tsaunin Drus a ƙarshen Disamba 1973.

Duk da haka ba na tura sabon shiga can. Daskararren ruwa mai sauƙi a kwarin Shamoni kaɗan ne idan aka gwada da yawan jama'a. Wurin da kowa ya sani, Crémerie da ke kusa da Argentière, ranar Asabar sai ka ga igiyoyi sun sarƙe da juna, na sama yana zubo wa na ƙasa ɓarɓashi. Akwai wurin da aka shirya da bututun ruwa a Bérard, ta wajen Vallorcine, yana da kyau don koyo, amma ba zai cika maka mako ba.

Arzikin Shamoni a sama yake. Motar waya, wato mai tafiya a rataye a jikin waya, ta tsaunin Aiguille du Midi, wadda aka buɗe a 1955, tana ɗaukar mutum daga gari zuwa wajen mita 3,800 cikin kusan minti ashirin. Daga nan ake gangarawa zuwa kwazazzaban Mont Blanc du Tacul: Chéré, wadda ita ce ƙofar shiga, da Gabarrou-Albinoni, da Supercouloir da Jean-Marc Boivin da Patrick Gabarrou suka hau a 1975. Waɗannan hanyoyi ne da mai hawa ke mafarkinsu. Amma a can kana tafiya ne a kan kogin ƙanƙara mai ramuka a ɓoye, iska ta yi ƙaranci, kuma idan motar ƙarshe ta tafi ta bar ka, kwanan sama ya kama ka. Ka bari sai ka yi sanyi biyu ko uku a ƙasa.

Wani abin jin daɗi shi ne ramin da aka fasa ƙarƙashin Mont Blanc, mai tsawon kilomita 11.6, wanda aka buɗe a 1965. Ta cikinsa mai mota zai bar Shamoni da asuba ya isa Cogne ya yi hawa ya dawo. Mutane da yawa sukan sauka filin jirgin Jeneba, su haɗa wuraren biyu a tafiya ɗaya.

Na ji ana maganar Écrins. Me ke can?

Idan Cogne ce zaɓina na farko, wannan ne na biyu, kuma ga mai jin Faransanci yana iya zama na farko. Yankin yana kudancin Alps na Faransa, kusa da Briançon. Jirgin ƙasa na dare daga Faris yana tsayawa a L'Argentière-la-Bessée, ka kwanta a birni ka farka a cikin duwatsu. Daga garin kwaruruka suka rarrabu: Fournel, da Freissinières mai dogayen bangaye da sai gwanaye, da Ceillac a cikin Queyras, inda hanyoyin suke daf da titi kuma saboda bisan wurin sukan daskare da wuri. Ta arewa akwai La Grave.

Kowane Janairu ana yin taron masu hawan ƙanƙara a L'Argentière, tun farkon shekarun 1990. Ga wanda aljihunsa ba nauyi, wannan dama ce babba: ana haɗa ƙananan rukunoni da ƙwararrun 'yan jagora a farashi mai rahusa, kamfanoni suna ba da aron kaya don a gwada, kuma ana koyar da ceto daga zaftarewar dusa. Gurabe sukan ƙare da wuri. Sararin sama a nan ya fi na arewacin Alps washewa, wanda daɗi ne ga jiki, amma yana nufin bangon da ke fuskantar rana sai a bar shi tun hantsi.

Kandersteg kuma?

Na Suwizalan ne, kimanin awa guda a jirgin ƙasa daga Bern. Akwai wurin koyo a dajin Oeschinenwald kusa da gari, amma sunan Kandersteg ya fito ne saboda bangon Breitwangflue, inda Xaver Bongard da Michael Gruber suka hau Crack Baby a 1993, hanya mai tsawon sama da mita 300 wadda kusan duk a tsaye take, inda kuma Robert Jasper ya buɗe Flying Circus. Wurin manya ne. Kuma komai a Suwizalan ya fi tsada, daga gado har burodi.

Babu komai a gabashin Alps ne?

Akwai da yawa. A Ostiriya akwai kwarurukan Pitztal da Ötztal da Gastein. A Italiya akwai duwatsun Dolomiti da Val Daone. Tsarin duk ɗaya ne, sai dai Jamusanci ko Italiyanci za ka fi ji.

Wane wata ya fi?

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, Janairu ne zuciyar lokacin. Kwazazzaban can sama sukan kai har bazarar Turai. Sai dai kalanda ba ta hawa ƙanƙara. Abin dubawa shi ne yanayin kwanakin da suka gabata.

Mutane suna zaton iya tsananin sanyi iya kyan ƙanƙara. Ba haka ba ne. Ta fi daɗin hawa idan ma'aunin zafi ya ɗan sauka ƙasa da sifiri ya zauna a nan kwanaki, a lokacin takan yi danƙo, gatari ya shiga da sara ɗaya ya zauna daram. Idan sanyi ya yi tsanani sosai, sai ta bushe ta yi gautsi, kana sara tana fashewa fale-fale kamar faranti. Mafi muni shi ne sanyi ya faɗo farat ɗaya cikin dare: ƙanƙarar takan tsuke, ginshiƙin da ke tsaye shi kaɗai ba tare da jingina da dutse ba yana iya tsagewa daga sama ya rufto gaba ɗaya. Ɗumi ma haka. Idan ka ji ruwa yana gudu da ƙarfi a bayan ƙanƙarar, ko ta yi fari fat kamar an jiƙa sukari, ko dare ya wuce bai daskare ba, ranar ba ta hawa ba ce. Akwai kuma wata iska mai ɗumi da ake kira fon, wadda kan gangaro daga tsauni ta lalata ƙanƙarar mako guda cikin yini ɗaya.

Wane kaya nake bukata, kuma sai na saya?

Kada ka sayi komai na ƙarfe a tafiyar farko. Shagunan haya suna ko'ina a garuruwan nan, kuma ɗan jagora yakan zo da igiya da kusoshi. Abin da za a ba ka: takalmi mai taurin ƙasa wanda ba ya lanƙwasa, faratan ƙarfe, gatari biyu masu lanƙwasasshiyar ƙota, ɗamarar da ake ɗaura igiya, da hular kwano. Hular ba ta fita daga kanka tun daga gindin hanya har ka bar wurin.

Kusar ƙanƙara bututu ce mai haƙora da zare, tsawonta daga santimita 10 zuwa 22, ana murɗa ta cikin ƙanƙara a maƙala igiya. Wajen sauka kuwa ba a barin ta a baya: ana huda ramuka biyu da suka haɗu a ciki, a zura igiya, a sauka a kanta. Sunan dabarar abalakof, daga sunan Vitaly Abalakov na Tarayyar Sobiyet. Ranar farko da aka ce ka rataya rayuwarka a kan wannan, zuciyarka za ta buga. Amma a ƙanƙara mai kyau yana da ƙarfin gaske.

Faratan nan ma a nan yankin aka ƙera su. Wani Bature ɗan Ingila, Oscar Eckenstein, ya kawo zanensu wa maƙerin garin Courmayeur da ke yankin Aosta, Henry Grivel, a 1909, ɗansa Laurent kuma ya ƙara farata biyu na gaba a 1929. Waɗannan biyun ne suka sa aka iya fuskantar bango a tsaye. Kamfanin Grivel yana nan har yau.

Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne sutura. Riga bisa riga, ta ciki ta ulu ko ta roba, ban da auduga, domin auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. Babbar rigar ɗumi da za ka ɗora idan kana tsaye kana riƙe wa abokinka igiya. Safar hannu aƙalla kala uku, saboda za su jiƙe. Da tabarau, da butar shayi mai riƙe zafi.

Mene ne WI3, WI5 da nake gani a littattafan hanya?

Ma'aunin wuya ne. WI2 gangare ne da za ka iya tsayawa ka huta a ko'ina. WI3 yana da gajerun wurare masu miƙewa. WI4 ya kusa tsayuwa sosai na tsawon mitoci. WI5 a tsaye yake, dogo, hannu na ƙonewa. WI6 kuwa tsawon igiya guda cur ba wurin hutu, sau da yawa a kan ƙanƙara mara tabbas. Harafin M na haɗin dutse da ƙanƙara ne. Lambar Rumawa da ake sawa a gaba tana nuna nisa da hatsarin wurin, kuma sau da yawa ta fi ɗayar muhimmanci. Ka tuna hanyar da aka rubuta WI4 tana iya zama WI5 a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci.

Gaskiya, yaya hatsarinsa yake?

Yana da hatsari, kuma ba na so in sassauta maganar. Amma inda sabon shiga yake jin tsoro daban, inda mutuwa ta fi zuwa daban.

Shi sabon shiga faɗuwa yake tsoro. Alhali a ranakun koyo igiyar daga sama take zuwa, idan ya zame rataya kawai zai yi. Faɗuwa tana zama babbar magana ne ga mai jan gaba, wanda yake hawa yana kafa kusoshi, domin faratan sukan kama ƙanƙara a karya idon sawu. Shi ya sa ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce mai jan gaba ba ya faɗuwa, saɓanin hawan dutse na wasa inda faɗuwa cikin koyo take.

Abin da ya fi kisa daga sama yake zuwa. Ka yi tunani: me ya sa ruwa yake zubowa ta nan? Saboda nan ne mazurarin duk gangaren da ke bisa. To hanyar da ruwa ke bi, ita dusar ƙanƙara ke bi idan ta zaftare. Kana iya kasancewa cikin inuwa, ga sanyi, ga ƙanƙara mai kyau, alhali mita ɗari biyar sama da kai rana tana dukan wani faffaɗan gangare da ba ka gani. Cogne da nake yabo ba ta tsira daga wannan ba; hanyoyi da dama a Valnontey da Valeille ƙarƙashin irin waɗannan gangare suke.

Ƙasashen Alps suna fitar da sanarwar zaftarewa kullum, a ma'auni daga 1 zuwa 5. A Faransa hukumar yanayi ta Météo-France ce ke fitarwa, a Suwizalan cibiyar SLF da ke Davos. Kada lamba 3 ta ruɗe ka don tana tsakiya: kusan rabin waɗanda ke mutuwa a mataki na 3 suke mutuwa, domin a 4 da 5 kowa yana gida. Ka riƙa ɗaukar na'urar gano wanda dusa ta binne, da sandar caka, da shebur, ka kuma koyi aiki da su. Wanda aka tono cikin minti goma sha biyar na farko galibi yakan rayu. Bayan haka dama tana raguwa da sauri, kuma jirgi mai saukar ungulu ba kasafai yake isowa cikin wannan lokaci ba. Abokin tafiyarka ne zai tono ka.

Sai ɓarɓashin da wasu ke zubowa. Dunƙule mai girman bulo yana iya faɗowa daga gatarin wanda ke sama. Idan ka iso ka tarar da mutane a kan hanyar, kada ka bi bayansu. Ka jira ko ka nemi wata. Na taɓa ganin wani rukuni ya kutsa ƙarƙashin wasu don gudun asarar yini, ba a yi rabin awa ba aka sauko da ɗayansu fuska duk jini. Har yau abin yana ɓata mini rai, domin an gaya musu.

Dole ne in ɗauki ɗan jagora?

Doka ba ta tilasta ba, amma ni ina tilasta wa duk wanda ya nemi shawarata. Ka nemi mai shaidar ƙungiyar 'yan jagoran tsauni ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta IFMGA ko UIAGM, aka kafa ta a 1965. Horonsu shekaru yake ɗauka; na Faransa a makarantar ENSA da ke Shamoni ake yaye su. Kowane gari da na ambata yana da ofishinsu. Abin da kake saya a wurinsa ba riƙon igiya ba ne kawai. Shi ya san wace hanya ta daskare a makon nan, wacce rana ke bugawa da ƙarfe goma, wacce ta taɓa cin mutane. A doguwar hanya mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka, a wurin koyo kuwa yakan ɗauki huɗu ko fiye, kuɗin ya rarrabu.

Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Jikina zai ɗauka?

Zai ɗauka. Sanyi ba gadon kowa ba ne, sutura da motsi da cin abinci ne maganinsa. Ƙarfin hannu ma ba shi ne kan gaba ba. Ƙafa ke ɗaukar nauyi, kuma kuskuren kowane sabo shi ne damƙe gatari kamar za a ƙwace masa, da ɗaga dunduniya har faratan su zame. Ka sauke dunduniya, ka sassauta riƙo. Wanda zai iya tafiyar awa biyu a hawa da jaka a baya ya isa farawa.

Akwai wani zafi da zan gaya maka tun yanzu don kada ya firgita ka. Idan hannu ya daɗe a sama cikin sanyi, jini yakan janye, sa'ad da ya dawo kuma sai yatsu su yi raɗaɗi har mutum ya ji tashin zuciya. Minti kaɗan ne ya wuce. Wanda ake tsoro shi ne yatsan da ya daina jin komai, ya yi tauri, launinsa ya koɗe. Wannan sanyi ne ya fara cin nama: a sauka nan take, kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta.

Magana ta musamman gare mu: sikila. Sanyi, da ƙarancin iska a bisa, da ƙishirwa, da wahalar jiki, duk suna tayar da ciwon, kuma ga su nan a haɗe wuri ɗaya. Mai SS ko SC kada ya shiga wannan sai da izinin likitansa. Mai AS ma ya sani cewa hawa bisa sosai farat ɗaya, irin na motar Aiguille du Midi, yana iya taɓa saifa. Ka san rukunin jininka kafin ka sayi tikiti, ka kuma gaya wa ɗan jagoranka.

Biza, inshora da kuɗi fa?

Faransa, Italiya, Suwizalan da Ostiriya duk cikin yankin Shengen suke, biza ɗaya ta isa. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar yana bukatarta. Kuɗinta yuro 90 ne tun Yunin 2024, kuma ana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. A nan mutane ke faɗawa rami: inshorar da ake saya don biza galibi ta cire hawan tsauni. Ka karanta takardar, ka tabbatar ta ambaci hawa da igiya da ceto ta jirgi. Shiga ƙungiyar masu hawan tsauni ta Faransa ko Italiya ko Ostiriya hanya ce mai sauƙi ta samun wannan.

A Faransa jandarmomin tsauni na PGHM ne ke ceto, kuma galibi gwamnati ke ɗaukar nauyi. An kafa su ne a 1958, bayan wasu samari biyu, Vincendon da Henry, sun mutu a kan Mont Blanc ana hango su daga gari da madubin hangen nesa an kasa kai musu ɗauki. A Suwizalan kuwa takardar biya za ta biyo ka. Lambar gaggawa 112 tana aiki ko'ina; a Suwizalan akwai 1414 ta jiragen ceto na Rega. Kuɗin ɗan jagora na yini ɗaruruwan yuro ne, shi ne mafi nauyi a kasafinka, sai masauki.

Salla, azumi da abinci?

A Janairu rana takan fito wajen ƙarfe takwas ta faɗi wajen biyar, azahar da la'asar duk a kan dutse za su same ka. Ni da alwalata nake fita daga masauki. Hukuncin kasaru da haɗa salloli da taimama kuwa, ka zauna da malaminka kafin tafiya ka yi masa bayanin yanayin yadda yake. Ana sa ran azumin 2027 zai kama a farkon Fabrairu, na 2028 a ƙarshen Janairu, wato tsakiyar lokacin hawa. Yinin gajere ne, amma rashin ruwa da abinci yana saurin kawo cin sanyi a yatsu da raunin hankali. Shawarata ka sa tafiyarka kafin watan ko bayansa.

Abincin tsaunukan nan cike yake da naman alade, har a cikin dankali da cuku da miya, kuma narkakken cukun da suke alfahari da shi da giya ake dafa shi. Ka tambaya kafin ka ci. Faten masara da suke kira folenta, da cuku, da taliya, da kifi suna ko'ina. Dabino a aljihun ciki ya fi yawancin alewar da ake sayarwa, wadda kan daskare ta gagari haƙori.

Mata suna yi? Akwai gasa?

Suna yi, har suna gaba. Ines Papert ta Jamus ta lashe kofin duniya sau da dama, Angelika Rainer ta arewacin Italiya ta zama zakarar duniya sau uku. Akwai mata 'yan jagora ga wadda ta fi son haka, sai a nema tun da wuri. Hukumar UIAA, wadda aka kafa a Shamoni a 1932, ita ke shirya gasar. Zagayen da ya fi armashi shi ne na Saas-Fee a Suwizalan, inda ake gina bangon a tsakiyar wani benen ajiye motoci, 'yan kallo suna zagaye da shi hawa-hawa. Akwai hasumiyoyin ƙanƙara a Champagny-en-Vanoise ta Faransa da Rabenstein ta Italiya, kuma idan ba gasa ake yi ba ana koyar da baƙi a kansu.

Ana cewa ƙanƙarar tana ƙarewa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ido yana gani. Kogunan ƙanƙarar Suwizalan sun rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na girmansu a shekaru biyu kacal, 2022 da 2023. Ranar 3 ga Yuli 2022 wani ɓangare na ƙanƙarar tsaunin Marmolada a Italiya ya ɓalle ya kashe mutum 11. A Mayun 2025 dutse da ƙanƙara suka binne mafi yawan ƙauyen Blatten na Suwizalan, Allah Ya sa an kwashe mutanen tun kafin nan. A Shamoni, matakalar da ake sauka zuwa kogin ƙanƙarar Mer de Glace an yi ta ƙara mata tsawo har ta haura taki 500, kafin a gina sabuwar motar waya a 2024 zuwa inda ƙanƙarar ta ja da baya.

Ga mai hawan daskararren ruwa, abin da wannan ke nufi shi ne lokacin ya gajarta kuma ya rasa tabbas. Hanyoyin da ke ƙasa-ƙasa, waɗanda tsofaffi suka koyi hawa a kansu, wasu sukan yi shekara ba su daskare ba. Ruwan sama a tsakiyar Janairu ya daina zama abin mamaki. Jama'a kuma sun taru a kan 'yan wuraren da suka rage, cunkoso ya ƙaru.

Don haka idan za ka shirya, ka zaɓi wuri mai bisa da inuwa irin Cogne ko Ceillac, ka nufi tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu, ka fifita ranakun aiki a kan Asabar da Lahadi. Ka kama masaukin da za a iya sokewa, ka ba kanka kwana biyar ko shida ko da uku kake son hawa, sannan ka bar wa ɗan jagoranka zaɓin kwarin da za ku shiga har zuwa daren da za ku fita.